Inna ta ƙi barin ƙauye, ni kuma hankalina ya kasa kwanciya

Ɗan_Kibiya
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Mahaifiyata ta haura shekara 75, tana wani ƙauye can bayan Kibiya, inda in damina ta kankama mota ba ta shiga sai babur. Mu biyar muka rage mata. Ni ina Kano, yayana yana Legas yana sana'ar kayan gwari, ƙanena yana aikin gini a Abuja, mata biyu suna ɗakin mazajensu, ɗaya a Zariya ɗaya a Ningi. Gidan da muka taso ana ɗora tukunyar mutum 20, tun rasuwar Baba daga ita sai jikanyarta 'yar shekara 13.

Watan jiya santsi ya kwashe ta a bakin rijiya. Kwana biyu ba ta tashi ba, kuma ta hana a gaya min, sai da na ji muryarta a waya na gane akwai wani abu. Na gyara mata ɗaki a gidana, da banɗaki a ciki da fanka, na je na ɗauko ta. Kwana 19 ta yi ta ɗaure kayanta a zani ta ce a mayar da ita. Da na matsa, sai ta ce min, "Ɗan nan, in na mutu a nan su wa za su wanke ni? Ban san kowa ba." Bakina ya mutu. Na mayar da ita, amma tun ranar in waya ta yi ƙara da dare sai gabana ya faɗi. In tilasta mata ta dawo, ko in ƙyale ta?

Ummu_Safiyya
Wa alaikumus salam. Ɗauko ta. Wannan karon Allah ya tsare, na gaba fa? In ƙugu ya karye da tsakar dare, yarinya 'yar 13 ce za ta ɗaga ta? Gara ta yi fushi da kai tana kusa da asibiti.

Buba_Rigasa
Hajiya Ummu, ni na yi abin da kika ce, kuma har yau ina nadama. Na ɗauko mahaifina daga ƙauyenmu na kawo shi Kaduna, shi da a gida ake jin gyaran muryarsa tun asalatu, yana kwance awaki, yana leƙa rumbu, yara na zuwa gaishe shi, ana kawo masa ƙarar rikicin iyakar gona. A gidana ba shi da aikin komai. Ya riƙa ɗaukar kujera ya zauna bakin get daga hantsi har la'asar, yana yi wa masu wucewa sallama, wasu su amsa wasu su wuce. Cikin wata huɗu cin abincinsa ya ragu, magana ta ragu, ya fara kiran 'ya'yana da sunan ƙannena. Ranar da muka mayar da shi, tun daga kan kwanar garin ya fara nuna min gonakin mutane yana faɗin wanda ya yi shuka da wuri. Ya ƙara shekara uku a ɗakinsa kafin Allah ya karɓi abinsa. Ɗan_Kibiya, Innarka ba taurin kai take yi ba. Duk abin da take tashi dominsa da safe yana can.

Hauwa_Jinya
Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 16 ina ɗakin kwanciya na mata. Kafin a kai ga wa ya yi daidai tsakanin Ummu da Malam Buba, a fara tambayar me ya kayar da ita. Tsoho ba ya faɗuwa haka kawai. Ko ido ne ya yi yana ba ta ga ruwan da ya kwanta ba, ko jini ne ya hau ko ya sauka ta ji jiri, ko gwiwa ce ta saki, ko wani magani ta saya a kyamis yana sa ta maye. Ka kai ta a auna jini da sukari, a duba ido.

Sannan gidan kansa. Ta daina jan guga kwata-kwata, a samu mai zuba mata ruwa a randa ko jarka ana biyansa. Masai na tsuguno shi ne babban abokin gabar gwiwar tsoho: kafinta zai iya yi mata kujera mai huda a tsakiya, a kafa ƙarfe ko itace mai ƙwari a jikin bango ta riƙa kamawa. A rage tsayin dokin ƙofa. A sa fitilar sola daga ɗaki zuwa bayi, don yawancin faɗuwar da nake gani ta fitsarin dare ce. Silifas da ya cinye a jefar. Duk wannan bai kai kuɗin kwana uku a gadon asibiti ba.

Lissafi_A
Wannan maganar ta wuce gidan mutum ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1, a 2030 za su kai biliyan 1.4, wato mutum ɗaya cikin kowane shida, a 2050 kuma biliyan 2.1. Kuma kashi biyu cikin uku nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi za su kasance, ba a Turai ba. Mu ba mu shirya ba ko kaɗan.

Yaro_Mai_Keke
Malam Lissafi wannan ai matsalar Turawa ce da suka daina haihuwa. Mu nan ko'ina ka duba yara ne. Tsofaffi nawa gare mu?

Lissafi_A
Gaskiyarka ta wani ɓangare. A Najeriya masu 60 zuwa sama kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai. Amma ka ɗauki kashi 5 na mutum sama da miliyan 200 ka ga ko kaɗan ne. Kuma yawan yara a ƙasa ba ya nufin akwai yaro a gidan Innar Ɗan_Kibiya.

Ɗan_Matameye
Abin da Lissafi ya faɗa a ƙarshe shi ne magana. Nijar ana cewa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yara a duniya, wajen rabin mutanenmu ba su wuce shekara 15 ba. To amma ka zo ƙauyukanmu na wajen Kance da Matameye bayan an gama kaka, an ɗaure dame an sa a rumbu. Samari sun tafi biɗa, wasu Kano, wasu Libiya, wasu Abijan. A yankinmu har mata na ɗaukar yara su nufi Aljeriya. Wa ya rage? Tsofaffi da ƙananan jikoki. Na taɓa zuwa jana'iza a wani ƙauye cikin bazara, aka rasa majiya ƙarfi huɗu da za su haƙa kabari, sai da aka aika gari na gaba. Ƙasa ba ta tsufa ba, ƙauyen ne ya tsufa. Kuma a wurinmu tsohuwar ba hutawa take ba, ita ke riƙon jikokin da aka bar mata, ita ke daka, ita ke neman itace. Tun 2006 gwamnati ta ce yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta a likita, amma kakar da ta goyo yaron ta kawo shi, in ta ce gwiwa, sai ta biya.

Sadiq_Shikoku
Ina karatun aikin gona a Japan, shekara ta huɗu ke nan, a tsibirin Shikoku. Na daɗe ina karanta wannan zaure ban sa baki ba, amma yau dole in yi magana, don abin da Ɗan_Matameye ya kwatanta na gan shi a nan ya kai maƙura.

A 2024 masu shekara 65 zuwa sama sun kai kashi 29 cikin 100 na mutanen Japan, sama da mutum miliyan 36. Ƙidayar gidaje ta 2023 ta samu gida miliyan 9 babu kowa a ciki. Har suna gare su na ƙauyen da fiye da rabin mutanensa suka wuce 65, suna cewa genkai shuraku, ma'ana ƙauyen da ya kai gargara, wanda ba ya iya haɗa gayyar gyaran hanya ko bikin shekara ko jana'iza. A cikin duwatsun jihar Tokushima akwai wani ƙauye Nagoro, na je da ƙafata. Mutanensa ba su kai 30 ba. Wata dattijuwa ce ta riƙa ɗinka mutum-mutumi da tsumma a madadin waɗanda suka rasu ko suka ƙaura, ta zaunar da su a tashar mota da bakin gona da cikin ajin makarantar da aka rufe a 2012. Yanzu sun ninka masu rai sau da yawa. Na leƙa ajin nan na ga yaran tsumma a kan benci, wallahi sai da na fito na zauna.

Amma ga abin da ya sa na kawo maganar. Tsofaffin can ma ba sa yarda su koma Osaka ko Tokyo wurin 'ya'yansu, maganarsu ɗaya da ta Inna. Sai ƙasar ta koma neman yadda za a kai musu abin da suke buƙata har gida. Tun shekarar 2000 suna da inshorar kula da tsofaffi, duk wanda ya kai 40 yana biya, in ka gaza a turo mai taimaka maka da wanka da girki, ko mota ta ɗauke ka ta kai ka inda za ka wuni da sa'o'inka ta dawo da kai da yamma. Akwai ƙananan motocin Tokushimaru da ke yawo da kayan cefane ƙofa-ƙofa, direban ya san kowace tsohuwa, in bai ga ta fito ba zai ƙwanƙwasa. Ma'aikatan gidan waya suna da tsarin leƙa tsoho su aika wa 'ya'yansa labari. Har butar shayi kamfanin Zojirushi ya yi, wadda in tsohuwa ta zuba ruwan zafi da safe saƙo zai je wayar ɗanta, in bai ga saƙo ba ya san ya kira.

Garba_Fagge
Buta ce za ta gaya maka uwarka na da rai? Allah ya kiyashe mu. Wannan ai mutuwar zumunci ce, ba ci gaba ba. Mu Alhamdulillahi muna da maƙwabta.

Sadiq_Shikoku
Malam Garba, ni ma haka na ce da farko. Amma su ma da suna da maƙwabtan, suna da gidan gandu irin namu, ɗan fari da matarsa su ke riƙe iyaye. Aikin masana'antu ne ya kwashe matasa zuwa birni, haihuwa ta ragu, maƙwabcin da kake taƙama da shi shi ma ya kai 85. Kuma ban ce sun warware matsalar ba. Masu aikin kula da tsofaffi ba sa isa, tun 2008 suke ɗauko su daga Indonesiya, daga baya Filifin da Biyetnam. Duk hunturu ana samun tsofaffin da suka faɗo daga rufin ɗaki wajen kwashe ƙanƙara don babu matashin da zai hau. Girgizar ƙasar da aka yi a yankin Noto ranar 1 ga Janairun 2024 ta faɗa wa garuruwan da wajen rabin mutanensu tsofaffi ne. Abin da nake so mu duba shi ne Ɗan_Kibiya ya ce gidan mutum 20 ya koma na mutum 2. Haka nasu ya fara.

Maman_Khalifa
Ina ta jira in ga ko wani zai taɓo wannan, ba wanda ya taɓo. Duk maza kuna cewa "na ɗauko", "na kawo", "na riƙe". Wa ke riƙon? Ni na yi jinyar surukata shekara biyu da wata bakwai bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke kwashe kashi da fitsari, ni ke dama kunu in ba ta cokali-cokali tana ƙwarewa, ga goyo a bayana. Maigida zai shigo da dare ya tsuguna ya ce "Hajiya ya jiki", ya ajiye leda, a gari kuma ana cewa wane ya riƙe uwarsa. Ban yi da-na-sani ba, mace ce mai kirki, ranar da za ta rasu hannuna ta riƙe tana sa min albarka. Amma bayana bai koma daidai ba har yau, kuma sana'ar ɗinkin da nake yi ta mutu a lokacin. 'Ya'yanta mata uku, kowacce sai ta zo da lemo ta wuni ta tafi. Ɗan_Kibiya, kafin ka yanke komai ka zauna da matarka ka tambaye ta tsakani da Allah, kuma ka ji amsar.

Almajirin_Zaure
Allah ya saka miki da Aljanna, Maman Khalifa. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya yi maganar iyaye idan tsufa ya riske su a wurinka, ya hana ko da nuna ƙosawa. Ɗa aka yi wa magana. Abin da matar ɗa ta yi kyautatawa ce da za a gode mata, ba bashi ba ne a kanta. Sannan biyayya ba ta tsaya ga ciyarwa ba, har da kada ka ɓata mata rai a kan abin da ba saɓo ba. Tana cikin hankalinta, ta ce ga inda take so. Ni ban ga hujjar tilasta mata ba matuƙar ba a kai ga halaka ba.

Ummu_Safiyya
Malam, to wa zai faɗa mana ranar da aka kai ga halakar? Sai bayan ta auku ake sani.

Malama_Zainab_Rano
Ni yarinyar nan nake tunani. Shekara 13. Tana zuwa makaranta? Don a ajina na ga irinsu da yawa, yarinya mai ƙoƙari sai ka ga ta fara fashi, ka bincika a ce an kai ta ta zauna da kaka. Shekara biyu sai a ce ai ta girma a yi mata aure, a kawo ƙanwarta ta gaje ta. Muna rufe ɓarakar tsufa da karatun 'ya'ya mata, kuma ba ma ko lissafa shi a matsayin asara.

Ɗan_Kibiya
Na gode ƙwarai, ina karanta kowa. Malama Zainab, kin taɓa inda ke min ciwo. 'Yar yayana ce, ta gama firamare bara, ƙaramar sakandare tana da nisa, sai aka ce ta dakata tukuna. Ni ma da bakina aka yanke hakan. Maman Khalifa, ban tambayi matata ba, na dai gaya mata Inna za ta zo. Zan tambaye ta yau.

Bazamfare_Asali
Ku da ke da zaɓi ku gode Allah. Mu ba a tambayi tsohonmu ko yana so ba, 'yan bindiga sunka yanke mana hukunci. Da gari ya watse, masu ƙafa sunka gudu, waɗanda ba su iya tafiya su anka bari a baya. Babana ya ce shi ba ya barin kabarin iyayenshi, sai da munka ɗora shi bisa amalanke da dare yana kuka. A watan Satumba na 2021 da anka rufe layukan waya a Zamfara, ƙanwar babana tana can wani ƙauye, makonni ba mu san ko tana da rai ba. Yanzu Baba yana Gusau a ɗakin haya, kullum tambayarshi ɗaya, ko an yi shuka a gonarshi ta fadama. Ɗan_Kibiya, in garinku lafiya lau ake kwana, ka bar ta ta mori abin da namu sunka rasa.

Auwal_POS
Allah ya kawo muku sauƙi, Bazamfare. Ni ta ɓangaren kuɗi zan yi magana don sana'ata ce, ina da shago a wata kasuwar ƙauye. Ranar kasuwa tsofaffi ke layi a wurina, 'ya'ya sun turo. Da yawa ba su da asusu, ta lambar wani yaro a gari ake turowa, kuma ba duka ke isa hannunsu ba. Na sha ganin an turo 20,000 yaro ya kai 15,000. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023 na ga tsohuwa da kuɗi a waya ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba don babu takardar kuɗi. Shawarata, kada ka tura kuɗi kawai. Ka yi magana da mai shago ɗaya amintacce, ta riƙa karɓar gero, mai, sabulu, sukari, kai kana biyansa duk wata. Kuma in ka tura kuɗi ka kira ta da kanka ka faɗa mata adadin.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. A nan Gana wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na inshorar lafiya ta ƙasa, kuma shirin LEAP da aka fara a 2008 yana ba tsofaffi matalauta 'yan 65 zuwa sama ɗan tallafi. Ba ya isa, kuma wani maganin sai ka saya a waje, amma kakata da katin take zuwa awon jini. A Najeriya babu irin wannan ne?

Lissafi_A
A takarda akwai abubuwa. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, a shekarar kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Jihar Ekiti ta taɓa biyan tsofaffi naira 5,000 duk wata tun daga 2011. Amma fansho na wanda ya yi aikin albashi ne, manomi da mai kitso da mai sayar da daddawa fanshonsu 'ya'yansu. Kuma kada a ce sai ƙasa mai arziki: Lesotho tun 2004 take biyan 'yan shekara 70 zuwa sama, Zanzibar ta fara a 2016.

Tsohon_Hedimasta
'Ya'yana, ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ake magana a kansa. Shekarata 71. Na yi aikin koyarwa shekara 35, na yi ritaya na koma garinmu da gangan, ga 'ya'yana a birni suna ta kira.

Ku kuna tsoron ranar da za mu faɗi. Mu mun san za mu faɗi, abin da muke tsoro daban ne. Muna tsoron zama kaya. A gidana in na ce a yanka zakara, za a yanka. In baƙo ya zo, ni zan ce a kawo masa ruwa. A gidan ɗana, duk kirkin matarsa, kuma tana da kirki, sai na yi tunani kafin in ce ina son fura, don kada in sa ta wahala. In na yi tari da dare sai in danne don kada in tashi yara. Wannan dannewar ita ke cin tsoho.

Amma zan faɗa wa tsararrakina gaskiya su ma. Akwai ranar da zama shi kaɗai ya ƙare. Ni na tara 'ya'yana da Sallar bara na ce musu, muddin ina kai kaina masallaci da bayi, ku bar ni. Ranar da na kasa ɗaya daga ciki, ku zo ku ɗauke ni, ko na yi gardama kada ku saurare ni. Ɗan_Kibiya, je ka zauna da Innarka, ba da mota a kunne a waje ba. Ka kwana biyu. Ka tambaye ta wace rana ce ita da kanta za ta yarda ta biyo ka. Za ka sha mamaki, ta riga ta yi wannan tunanin.

Buba_Rigasa
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Da na ji wannan shekara goma da suka wuce.

Rabi_Gumel
Akwai wanda ba a ambata ba, gigin tsufa. Goggota a ƙauye ta fara fita da dare tana neman mijinta da ya rasu tun tuni, tana shiga gidajen mutane. Maimakon a gane ciwo ne, sai aka fara raɗe-raɗin mayya ce, yara na jifanta, matan da ta yi wa wankan jego suna janye 'ya'yansu in ta wuce. Ƙauyen da ake cewa zai riƙe ta shi ya juya mata baya. Don haka maƙwabtan da Malam Garba ke magana, wani lokaci rahama ne wani lokaci a'a.

Hauwa_Jinya
Rabi, wannan ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba maita ba ba aljanu ba, kuma ya kamata limamai su riƙa faɗa a huɗuba. Irin wannan ba a barinsa shi kaɗai ko a birni ko a ƙauye. Sai dai a sani, sauya masa wuri yakan ƙara rikita shi, shi ya sa in za a ɗauko tsoho gara a ɗauko shi da sauran hankalinsa, da tabarmarsa da butarsa da akwatinsa, kada a ce an saya masa sababbi. Likitocin tsofaffi kuwa ƙalilan ne a ƙasar nan, cibiyar farko ta musamman a asibitin koyarwa na Ibadan aka buɗe ta a 2012. Don haka ma'aikacin lafiya na ɗakin shan maganin da ya fi kusa da ku shi ne likitanku. Ku san shi, ku karɓi lambarsa, ku ba shi kuɗin mai ya riƙa leƙa ta duk mako biyu da na'urar awon jini. Kuma lokacin zafi a matsa mata da shan ruwa, tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar yadda yaro ke ji.

Ɗan_Kibiya
Na dawo jiya, kwana uku na yi kamar yadda Baba Hedimasta ya ce. Na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Kafin hantsi mata huɗu suka shigo gaishe ta, ɗaya ta kawo koko, ɗaya ta zo a duba mata jariri da ke kuka, Inna ta taɓa cikinsa ta ce a kai shi asibiti kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ita ke riƙe kuɗin adashin matan unguwar, a ƙulle a bakin zani. Ashe kuma idonta na hagu ya yi yana, ba ta gani da shi sam, ta ɓoye mana fiye da shekara. Ta yarda ta zo Kano a yi mata aiki, da sharaɗin in mayar da ita kafin shuka. Na yi mata tambayar Baba Hedimasta, ta yi shiru ta ce za ta ba ni amsa in ta zo.

Mun yi waya da 'yan uwana. Akwai wata bazawara 'yar ƙanen mahaifinmu da ta yarda ta dawo gidan da 'ya'yanta biyu, za mu riƙa ba ta wani abu duk wata mu biyar. Yarinyar kuma matata ce da kanta ta ce a kawo ta wurinmu ta shiga makaranta. Yayana bai gamsu ba, yana ganin in an yi aikin idon kawai mu riƙe Inna.

Ummu_Safiyya
Ina bayan yayanka. Amma Allah ya sa yadda kuka yi ya zama alheri, ya ba ta lafiya.

Maman_Khalifa
Ita bazawarar ku yanka mata adadi sananne, a faɗa a gaban shaida, kada a bar shi a "wani abu". Kuma a ba ta hutu in Sallah ta zo, 'ya'yan Inna mata su karɓe ta.

Hauwa_Jinya
Kafin ranar aikin a tabbatar an auna sukari da jini, in sun hau za a ɗage. Bayan aiki akwai maganin ɗigawa na makonni, kuma ba a son hayaƙin murhu da ƙura su shiga idon, to ka lissafa kwanakin da kyau kafin ka yi mata alkawarin ranar komawa. Wa zai riƙa ɗiga mata in ta koma?

Ɗan_Kibiya
Ban yi tunanin wannan ba. Bari in kira 'yar ƙanen Baban in ji ko za ta biyo mu Kano a koya mata.